Haƙƙin wanda ake zargi da jinin wanda aka kashe: ina masu ra'ayin talakawa suka tsaya?

Ɗan Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum. Akwai wata tambaya da ta hana ni sakat tun bayan sallar layya, kuma na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani da shekaru, maimakon in ci gaba da musu da abokaina a majalisa, inda kullum muke tashi baram-baram.

Tun ina saurayi nake ɗaukar kaina cikin masu ra'ayin talakawa, irin waɗanda iyayenmu suke kira 'yan Sawaba. Abin da muka taso muna faɗa shi ne gidan yari a ƙasar nan cike yake da waɗanda ba su da mai tsaya musu, don haka a daina dukan mutane a caji ofis, a ba da beli ga wanda ya cancanta, kuma kada a hukunta kowa sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ko a watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, da mutane da yawa a nan Arewa suke cewa mu da ɓarayin daji suka dame mu ba mu da dalilin neman a rushe wata rundunar 'yan sanda, ina cikin 'yan tsirarun da suka ce azabtarwa azabtarwa ce ko a Legas ko a Gusau.

Abu biyu suka faru da suka rikita mini lissafi. Bara da damina, 'yan bindiga suka ɗauke matar ƙanin mahaifina da 'ya'yanta biyu daga ƙauyensu. Kafin su dawo sai da aka sayar da gona da shanun huɗa, aka yi karo-karo a masallaci, sannan bayan an kai kuɗin fansa suka ce sai an ƙara da sabon babur da katin waya. Ranar da aka kawo ta Gusau, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ƙaramin yaron kuwa ko mahaifinsa ya miƙa masa hannu sai ya ɓuya bayan zanenta. Ta shaida mana cewa a dabar da aka ajiye su ta ji muryar wani mai sayar da fetur a bakin hanyar ƙauyen, wanda ta sani kamar yunwar cikinta. Aka kama shi. Bayan mako uku sai ga shi a kasuwa yana cin tsire, saboda babu wanda ya yarda ya je ya ba da shaida. Ba a yi wata biyu ba 'yan sa-kai suka fitar da shi daga gidansa da dare, da safe aka tsinci gawarsa a bakin rafi. Abin da nake jin kunyar faɗa, amma dole in faɗa, shi ne da labarin ya iso mini ban ji baƙin ciki ba.

Na biyun kuma yaron da yake cajin waya ne a bakin layinmu. An ga lambarsa a wayar wani da aka kama, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ga mai wannan sana'a, sai aka ce infoma ne. Yanzu ya shiga shekara ta uku a tsare, sau huɗu kacal aka kai shi kotu, kuma ba a taɓa kiran shaida ko guda ba. Mahaifiyarsa da kuɗin ƙosai take kai masa sabulu da garin kwaki.

A majalisarmu an rabu biyu. Wasu sun ce maganar haƙƙin wanda ake zargi maganar ƙoshi ce, sai a bari sai an sami zaman lafiya. Wasu kuma sun ce duk wanda ya yi shiru a kan gawar mai fetur ya zama abin da muka yi shekaru muna yaƙa. To ni ina tsakiya, gaba kura baya siyaki. Shin mai ra'ayin talakawa a Zamfara ta yau zai iya ci gaba da kiran a gyara shari'a ba tare da ya ci amanar waɗanda ake kashewa ba?

Tsohon Rajistara, Ƙaura Namoda

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa matar baffanka lafiya, ya mayar da abin da aka rasa. Na yi shekara talatin ina riƙe da rajistar kotu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne labaranka biyu cuta ɗaya ce. Ƙofar da ta saki mai fetur ita ce ta kulle mai cajin waya, wato kotun da ba ta yanke hukunci.

Bari in nuna maka yadda abin yake tafiya. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu kuma cikin kwana biyu. 'Yan sanda sukan cika wannan sharaɗi da dabara: sai su kai mutum gaban majistare, alhali sun san majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar kisa ko fashi da makami. Majistare sai ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari har sai lauyoyin gwamnati sun duba fayil sun ba da shawara. Daga nan labari ya sha bamban. Fayil ɗin sai an yi masa kwafi, kwafin sai da kuɗi, ɗan sandan da ya yi binciken an canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san komai a kai ba. Ranar zaman kotu kuma sai a ce motar gidan yari babu mai. Ni da hannuna na rubuta "an ɗage" sau da ba zan iya ƙirgawa ba, ina kallon uwar yaro a bayan benci tana share hawaye da gefen mayafi. Shi ya sa a faɗin Najeriya kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da suke gidajen yari ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Dokoki kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka da Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda jihohi suka yi nasu a kan tsarinta, ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana a tsare mutum a kan bashi, ta taƙaita umarnin ajiyewa zuwa kwana 14 da ba a sabunta shi sai da dalili, ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda suke ciki. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da sunan gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya wa al'umma. Sai dai suna ya canja, ɗaki bai ƙara faɗi ba. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta biya tarar fursunoni 4,068 aka sake su. Ka raba ka gani: kowanne bai kai naira dubu 150 ba, amma yana kwance yana cin abincin gwamnati, yana kuma koyon karatu a wurin manyan ɓarayi.

Ga ɓangaren mai laifi na gaske kuwa, abu biyu suke kuɓutar da shi. Na farko rashin shaida, kamar yadda ka gani. Na biyu duka. Mutanenmu suna zaton idan an rataye mutum a caji ofis aka jibge shi har ya amsa, to an gama. A'a, an dai yi wa lauyansa kyauta ne, domin da zarar an je babbar kotu ya nuna tabo ya ce tilasta shi aka yi, sai alƙali ya yi watsi da ikirarin, kuma tunda 'yan sanda sun dogara da duka ba su nemo wata hujja ba, sai fayil ya zama fanko. Tun 2017 akwai dokar da ta haramta azabtarwa, amma ko ba don tausayi ba, don kada ɓarawo ya kuɓuta ya kamata a daina.

Kada kuma ka ruɗu da tsananin hukunci a takarda. A 2022 gwamnatin Matawalle ta yi dokar kisa ga 'yan bindiga da masu satar shanu da infoma. A Najeriya akwai mutum fiye da 3,000 da aka yanke wa hukuncin kisa suna zaune, gwamnoni ba sa sa hannu, rabon da a zartar tun 2016 a jihar Edo. Ɓarawo ba ya karanta doka kafin ya fita. Abin da yake dubawa shi ne wane daga cikin abokansa aka kama, kuma ina ya ƙare.

Uwar Marayu, Tsafe

Baba Rajistara, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, amma ka yi mini afuwa, duk bayaninka ya ginu ne a kan mutumin da aka kama. Mu a nan waɗanda suke kashe mu ba a kama su. An san sunayensu, an san dabobinsu, an san lambobin wayarsu, har ana aika musu da gaisuwa. A watan Yuli na 2022, a nan 'Yandoto, ƙarƙashin hancinmu, aka naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani da rana tsaka, sai da duniya ta yi ca sannan gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Wace dokar 2015 ce za ta kai ga irin wannan?

Ƙanena mai tambaya, ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da ku masu ra'ayin talakawa na cikin birni. Idan ana maganar fursuna, bakinku da kaifi: kun san sashe, kun san shekara, kun san adadin kwanaki. Idan ana maganar wadda aka kashe wa miji, sai ku ce Allah ya jiƙan rai, ku wuce. To ita ba talaka ba ce? Kwamitin da tsohon sufeto janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya shugabanta a 2019 ya ƙirga mata kusan 5,000 da aka mayar zawarawa da marayu fiye da 25,000 a jihar nan, kuma wannan kafin sace 'yan matan makarantar Jangebe ne, kafin kisan Anka da Bukkuyum na farkon 2022. Ina aiki da irin waɗannan mata. Akwai wadda take kwana da 'ya'ya shida a kangon da ba a rufa ba, da buhu ta tare taga, kuma duk daren duniya idan ta ji ƙarar babur sai ta tashi ta ƙirga su. Akwai ƙauyukan da manomi sai ya biya haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani lokaci ma a tara su su yi wa ɓarawo noman gonarsa kyauta. Wannan ma ɗauri ne, sai dai babu gandiroba, babu kuma ranar fita.

Kuma mun ga inda sassauci ya kai mu. An yi sulhu a 2016 zamanin Yari, har da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, bai kai ko'ina ba. An sake yi a 2019, aka saki mutanen 'yan bindigar da suke tsare, aka kira wasu tubabbu, suka ajiye 'yan tsofaffin bindigogi gaban kyamara. Wace bazawara aka kira aka tambaye ta ko ta yafe? Wane maraya aka biya diyyar ubansa? Saboda haka da Gwamna Dauda Lawal ya ce babu sulhu, ya kuma ƙaddamar da rundunar tsaron jiha, wato Askarawan Zamfara, a watan Janairun 2024, ni na yi murna, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba na goyon bayan abin da aka yi wa yaron mai cajin waya, a sake shi ko a yi masa shari'a. Amma idan kuna son mu saurari maganar gyara, to ku fara da mai shaida. Matar baffanka ta san muryar mai fetur. Da akwai inda za a ɓoye ta da 'ya'yanta, a ɗauki bayaninta ba tare da an kira sunanta a bainar jama'a ba, da yanzu yana gidan yari da ransa, da kuma wataƙila ya tona waɗanda suke bayansa. Ban taɓa jin kun yi taro a kan wannan ba.

Ɗan Tabo, Talatar Mafara

Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma zargin da kika yi mana akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai ni da na manyanta, na kuma yi PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun 1978, ina da abin tunawa da ku yara ba ku gani ba.

Malam Aminu Kano a nan Maru ya yi aikin koyarwa na ƙarshe kafin ya ajiye a 1950, shekarar da aka kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, a Kano. Abin da ya fi cutar da iyayenmu 'yan NEPU ba Bature ba ne, 'yan doka ne da dogarai da kotun alƙali da gidan yarin En'e, waɗanda duk suna hannun mai mulkin gari. Mutum zai yi lacca da yamma, da safe a ce ya zagi sarki, kafin azahar an yanke masa wata shida. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta. Sai da sojoji suka zo, a ƙarshen shekarun 1960, aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e aka haɗe su da na tarayya. Don haka idan kika ji irinmu muna ɗari-ɗari da 'yan sandan jiha ko wata runduna da gwamna yake ɗauka ya biya, ba rashin tausayin zawarawa ba ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yanzu ma da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar gina nasu gidajen yari, tambayata ita ce wa za a fara ajiyewa a ciki, ɓarawon daji ko ɗan adawar da ya yi rubutu a Facebook?

Sannan akwai abin da ba ma son faɗa a cikin taro. Wannan wuta ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda ya kai shekaruna ya san yadda aka riƙa cinye burtali da makiyaya ana mayar da su gonaki, da yadda Bafulatani idan ya shiga hannun hukuma a kan ɓarna ba ya fita sai garkensa ya ragu. Da satar shanu ta yi ƙamari hukuma ta kasa, 'yan sa-kai suka tashi, kuma a kasuwanni da dama an yanka mutane a gaban jama'a ba don an kama su da komai ba, sai don kamanninsu da harshensu. 'Ya'yan wasu daga cikinsu su ne suke riƙe da bindiga yau. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ƙona gari, Allah ya tsine wa aikinsa, amma duk gawar da aka jefar a bakin rafi ba tare da shari'a ba, akwai ƙane ko ɗa da yake kallo. Shi mai fetur ɗin ma, ɗana mai tambaya, ka tabbata a kansa aka tsaya? Ka bincika ka ji ko ba a kai wa ƙauyen harin ramuwa ba.

Hukuncin gama-gari ma mun ɗanɗana shi. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar nan, aka hana cin kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Talaka ya sha wuya, mai awo ya karye, ɓarayi kuma da yawa suka tsallaka Sakkwato da Katsina da Neja suka ci gaba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni ban ce a rushe askarawa ba, domin na san akwai garuruwan da ba don su ba da yanzu kufai ne. Abin da nake cewa shi ne kowane askari a san sunansa da lambar bindigarsa, a biya shi albashinsa kan lokaci don kada ya koma karɓar na goro a shinge, wanda ya kama ya miƙa shi cikin kwana ɗaya, kuma duk ran da ya salwanta a hannunsu a kai maganar gaban alƙali, ko da a ƙarshe za a wanke su. A shekarar 2000 an yanke hannun mutum a jihar nan saboda saniya ɗaya. Daga baya an kore shanu dubbai, kuma gwamnati da kanta ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022 bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Tuɓe rawani hukunci ne na siyasa. Talaka kotu ake kai shi.

Ɗalibar Shari'a, Gusau

Iyayena, ku ba ni dama in ɗan tsoma baki. Irin wannan musu ya raba masu ra'ayin kawo sauyi a Amurka ma. Bayan da ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a watan Mayu na 2020, wasu suka riƙa kiran a rage wa 'yan sanda kuɗi, amma a Nuwamba 2021 mutanen Minneapolis, garin da aka kashe shi, suka ƙi amincewa da a maye gurbin rundunar 'yan sandansu, a Yunin 2022 kuma mutanen San Francisco suka tsige babban mai gabatar da ƙararsu, Chesa Boudin, saboda suna ganin ya cika sassauci. Duk da haka jihar Illinois ta soke belin kuɗi a Satumba 2023. Na kawo wannan ne don in ce kada mu ari rigarsu: su kukansu hukuma ta yi musu yawa a unguwa, mu kuwa a ƙauyukanmu sai a yi tafiyar sa'o'i ba a ga ɗan sanda ba, a birni kuma ga shi nan a kan mai cajin waya. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Ruwanda, inda bayan kisan ƙare-dangi na 1994 aka kafa kotunan gargajiya a ƙauyuka, suka saurari shari'u kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, ana rage hukunci ga wanda ya amsa laifinsa a gaban waɗanda ya zalunta. Sai dai su sun yi nasu ne bayan an daina harbi.

Malamin Zaure, Bungudu

Ina so in gyara wata kalma da ake yawan wasa da ita, wato tuba. Masu kare sulhu sukan kawo aya ta 34 ta Suratul Ma'ida, wadda ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu daga hukuncin hiraba, wato fashi da makami, da aya ta 33 ta ambata. Gaskiya ne, amma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da tubar take kayarwa shi ne haddin, wato haƙƙin Allah. Haƙƙin bayi yana nan: dukiyar da aka ƙwace a mayar, jinin da aka zubar kuma magada ne suke da ikon su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Gwamna ba shi da ikon yafe jinin da ba na ubansa ba. Saboda haka Hajiya tana kan gaskiya da ta tambayi wace bazawara aka kira.

Amma shari'ar da ta ba ta wannan haƙƙi ita ce kuma ta ce ana tunkuɗe haddi da shubuha, ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja, ta kuma bar zartar da hukunci a hannun shugaba da alƙalinsa, ba a hannun matasa da dare ba. Ganin lambar mutum a waya ba hujja ba ce, kuma jin murya a cikin duhu, duk da ina gaskata baiwar Allah da ta ji, abu ne da alƙali zai auna, ba ɗan sa-kai ba. Ɗana mai tambaya, rashin baƙin cikin da ka ji ba za a kama ka da shi ba, zuciya ce ta wanda aka zalunta. Inda za a kama ka shi ne idan ka fito ka ce abin da aka yi daidai ne.

Ɗan Tudun Wada, Gusau

Na gode, iyayena da 'yan uwana, Allah ya saka da alheri. Baba Ɗan Tabo, na bincika kamar yadda ka ce. An kai wa ƙauyen hari kwana tara bayan an tsinci gawar, an kashe mutum uku, ciki har da ladanin masallacinsu, yanzu rabin garin suna nan Gusau a gidajen dangi.

Hajiya, jiya na je na sami matar baffana na tambaye ta, da a ce mai fetur yana raye, za ta iya tsayawa gaban alƙali? Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce za ta iya, idan ba za a mayar da ita ƙauye ba, kuma idan ba za a sa ta faɗi duk abin da ya faru a daba a gaban maza ba. Zan kai wannan magana majalisarmu ranar Juma'a, kuma idan kin amince muna so ki zo da kanki ki faɗa musu abin da kika faɗa mini.

Baba Rajistara, mahaifiyar yaron ta nuna mini wata 'yar takarda da ta naɗe a leda, ashe lambar shari'ar ce da kwanan watan zaman ƙarshe. Ba ta da kuɗin lauya. Daga ina za mu fara?

Tsohon Rajistara, Ƙaura Namoda

Kada ka bari takardar nan ta ɓata, ka yi mata kwafi uku tun yau. Ka fara zuwa rajistar kotun da ta ba da umarnin ajiye shi, ka nemi a duba maka ko shawarar lauyoyin gwamnati ta dawo, domin sau da yawa ta daɗe da dawowa tana cewa babu tuhuma, tana kwance a durowa babu wanda ya bibiya. Idan ba ta dawo ba, ka kai kwafi ɗaya ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, wadda aikinta ke nan kuma kyauta ne, ka nemi su shigar da buƙatar beli a babbar kotu. Ɗaya kwafin kuma ka haɗa da wasiƙa zuwa ofishin babban alƙalin jiha, a sa sunan yaron cikin waɗanda za a duba idan an kai ziyara gidan yari. Ka je da mahaifiyar, ka je da sassafe kafin a fara zama, kuma duk wanda ya ce maka ka dawo gobe, ka tambaye shi sunansa ka rubuta a gabansa.